Yadda ake koyar da annabce-annabcen gicciyen Almasihu a makon Ista

Malamin da zai koyar da wannan darasi, a cikin garin Katsina ne ko a majami'un ƙauyukan Malumfashi da Kafur, kada ya tara ayoyi barkatai. Nassi huɗu sun ishi zama ɗaya na awa guda da rabi: Ishaya 52:13 zuwa 53:12, Zabura 22, Zakariya 12:10, da Maimaitawar Shari'a 21:22-23. Ista tana faɗowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, tsakiyar bazara ke nan, don haka a sa zaman da la'asar sakaliya, in ba haka ba gyangyaɗi zai cinye rabin ajin.

A raba allo gida biyu, dama Tsohon Alkawari, hagu Sabon Alkawari. A zaɓi masu karatu biyu masu murya, a ba su nassin tun kwana biyu kafin ranar, domin dattawa da yawa da kunne za su bi. Su riƙe juyi iri ɗaya. Wani juyin Hausa yana cewa Yahaya, wani Yohanna, wani kuma Kubawar Shari'a a maimakon Maimaitawar Shari'a, sai ka ga mutum yana ta buɗe shafi bai samu ba.

Ishaya ne zai ci mafi yawan lokaci, kamar minti arba'in. Kuskuren da aka fi yi shi ne farawa daga 53:1. Waƙar Bawan Ubangiji ta soma ne daga 52:13, ayoyi 15 ne, kashi biyar, kowane kashi aya uku. Wanda ya tsallake ukun farko ya rasa ɗaukakar Bawan, wadda da ita aka buɗe waƙar kuma da ita aka rufe. A karanta duka a jere, ba tsayawa, sannan a koma kashi-kashi. Sai bayan haka a taɓa hagun allo: 53:7-8 da Ayyukan Manzanni 8:32-35, inda Filibus ya tarar da mutumin Habasha yana karanta wannan wuri, 53:12 da Luka 22:37, inda Yesu da bakinsa ya ɗauko ayar, 53:5 da 1 Bitrus 2:24.

Za a samu mai tambaya ko Kirista ne suka rubuta wannan bayan abin ya faru. Amsar tana hannu: a 1947 aka gano naɗaɗɗen littafin Ishaya a wani kogo a Kumran, kusa da Tekun Gishiri, an kwafe shi fiye da shekara 100 kafin haihuwar Yesu, kuma sura ta 53 na ciki. Amma kada malami ya wuce gona da iri. Tsufan rubutun ne wannan ya tabbatar, bai yanke ko wane ne Bawan ba. Rashi, malamin Yahudawa da ya rasu a 1105, ya ce al'ummar Isra'ila ake nufi, kuma Ishaya 49:3 ta kira Isra'ila bawa. Gara ɗalibi ya ji wannan a aji da ya fara jin sa a waje.

Zabura 22 kuka ne na Dawuda tukuna, a karanta ta a haka har aya ta 31. Aya ta 1 ta tafi da Markus 15:34, ta 18 da Yahaya 19:24, wato kuri'ar da sojoji suka jefa a kan riga. Aya ta 16 ce ke da santsi. A wannan ayar yawancin rubutun Ibrananci na cewa "kamar zaki", tsohon juyin Helenanci kuma ya kawo huda hannuwa da ƙafafu, sannan babu Linjilar da ta ɗauko ayar kai tsaye. A ambace ta, kada a ɗora ginin a kanta.

Sauran biyun minti goma-goma. Zakariya 12:10, duban wanda aka soke, tana Yahaya 19:37. Maimaitawar Shari'a doka ce, ba annabci ba: wanda aka rataye a bisa itace la'ananne ne. Ita ce ta sa Almasihu gicciyayye ya zama abin tuntuɓe ga Yahudawa, kuma Bulus ya tunkare ta a Galatiyawa 3:13.

Idan aka tabo maganar azurfa talatin, kuɗin da aka ba Yahuza don ya ba da Yesu, a shirya: Matiyu 27:9 ya ambaci Irmiya, alhali maganar ta fi kusa da Zakariya 11:12-13. Masana da yawa na ganin ya haɗa annabawan biyu ne ya kira sunan babban.

A Katsina kusan kowa na da maƙwabci ko ɗan'uwa Musulmi, kuma Suratun Nisa'i aya ta 157 ta ce ba a kashe Annabi Isa ba, ba a kuma gicciye shi ba. Malami ya faɗi wannan yadda yake, ba ba'a, ya gargaɗi matasa kada su mai da darasin abin musu a kasuwa. Aikin gida: kowa ya karanta Luka 24:13-35 kafin safiyar Lahadi.