Batikan: Ƙasar da Ke Cikin Birnin Roma

Ɗan'uwa, da ka sauka Roma ba za ka daɗe ba sai ka ji ana cewa akwai wata ƙasa a tsakiyar birnin. Gaskiya ne, ita ce Batikan, fadar Fafaroma. Duka-duka hekta 44 ce, mazaunanta ba su kai dubu ba.

Asalinta rigimar mulki ce. Shekaru aru-aru fafaromomi na riƙe da yanki mai faɗi a tsakiyar Italiya, sarauta sosai, da haraji da sojoji. A 1870 sojojin Italiya suka ci Roma. Fafaroma Pius na 9 ya ce bai san zancen ba, ya shige fada ya ƙi fita, magadansa ma suka bi sahu, har shekara 59. Sai ranar 11 ga Fabrairun 1929 aka sasanta da yarjejeniyar Lateran: Firaminista Mussolini ya sa hannu a madadin Italiya, Kadinal Gasparri a madadin Pius na 11. Abin da aka nema shi ne kada shugaban ɗarikar Katolika ya zama talakan wata gwamnati, don haka aka yanka masa ɗan filin da ba mai iko da shi.

To, nan wasu namu ke yaudarar kansu. Ba ƙasar da ake ƙaura zuwa cikinta ba ce. Ko zama ɗan ƙasar, aiki ke bayar da shi, aikin na ƙarewa shi ma yakan tafi. Takardar zamanka kuwa tana hannun Questura, ofishin 'yan sandan Italiya. Kuma dandalin San Pietro, babban filin da ke gaban cocin Batikan, 'yan sandan Italiya ne ke sintiri a ciki bisa waccan yarjejeniyar, saboda haka ka riƙe takardunka.

Shiga dandalin ba a tambayar fasfo, Musulmi da Kirista kowa na zuwa. Hau jirgin ƙarƙashin ƙasa layin A ka sauka Ottaviano. Bas mai lamba 64 daga Termini, babbar tashar jirgin ƙasa ta Roma, ma na zuwa, amma ta yi suna da 'yan sane, jakarka ta dawo ƙirji. Cocin ba a shiga da kafaɗa ko gwiwa a waje, wannan dai kaftani da abaya sun gama mana shi. Laraba da safe da Lahadi da tsakar rana cunkoso ake yi saboda fitowar Fafaroma. In kana da aiki a unguwar Prati da ke maƙwabtaka da Batikan, ka fita da wuri.