Kurakuran da ɗaliban likita suka fi yi wajen duba zuciya

Duk ayarin ɗaliban da suka shigo zagayen ɗakin marasa lafiya a nan Gombe, abu ɗaya nake gani: ko gaisawa ba su yi da majinyaci ba, sun cusa abin saurare a kunne. Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na rubuta.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne saurare ta kan tufafi. Na san kunya ce. Baiwar Allah na kwance da hijabi, ɗalibi ya ɗora abin a kan atamfa, ya juyo ya ce, "Malam, ban ji komai ba." Ina za ka ji? Gogar yadi ma ƙara ce. Ja labule, kira nas mace ta tsaya, ka ce, "Mama, ki yi haƙuri, zan saurari ƙirjinki." Da wuya a hana mai ladabi.

Ina sabon likita aka kawo mini wata budurwa mai haki. Na saurara ta kan riga, na rubuta maganin asma. Ta dawo ƙafafu a kumbure: bawul ɗin maitiral, wato ƙofar da ke tsakanin ɗakunan hagu biyu na zuciya, ne ya tsuke, daga ciwon maƙogwaron da ba a magance ba tun ƙuruciya. Har yau abin na ci mini rai. Sautin tsukewar nan can ƙasa yake, kamar rugugin hadari daga nesa. Kwantar da mutum a gefensa na hagu, ka lalubo tsinin zuciya da yatsa a gurbi na 5 tsakanin haƙarƙari, ka ɗora ƙaramin bakin abin sauraren a hankali. In ka danna da ƙarfi, sautin zai ɓace.

Sai wuya. Wallahi ban san me ya raba ku da wuyan majinyaci ba! A yankin da ciwon zuciyar bayan haihuwa ya yi yawa, a kawo maka mai jego tana wankan jego da shan kunun kanwa, numfashi na gagararta, kai kuma ka tsallake jijiyar wuya? Jingina ta a digiri 45, ta ɗan juyar da kai hagu, ka duba ɓangaren dama. Ni fitilar waya nake haskawa daga gefe, inuwa ce ke nuna motsin jinin da ke cikin jijiyar.

Ina saurare, yatsana na kan jijiyar wuya mai bugawa. Sautin da ya zo tare da bugun shi ne na farko cikin sautuka biyu na zuciya. Ba tare da wannan ba, cinta kawai kake yi. Kada ka taɓa danne ɓangarorin wuyan biyu lokaci guda.

Bugun hannu in ba ya tafiya daidai, ƙirga daƙiƙa 60 cif. Da hunturu, murza bakin abin a tafinka ya yi ɗumi. Kafin ka mayar da mayafi, saurari ƙasan huhu ta baya, sannan ka danna ƙauri da babban yatsa ka ga ko zai lotsa.