Darasi na 9: Hutun kwana uku a birni, ina za a je kuma ina za a ci

Wani lokaci ranar hutu takan faɗo jikin ƙarshen mako, sai mutum ya samu kwana uku ko huɗu a jere babu aiki, to a irin wannan ne ake cewa bari mu leƙa wani birni mu ga gari mu dawo. A kan wannan za mu yi darasin yau. Kowa ya ɗauko takarda da biro don akwai ɗan lissafi, akwai kuma rubutu a ƙarshe.

A fara ƙirga awowi

Yawancin mutane in sun ce kwana huɗu za mu yi, a ransu suna ganin kwana huɗu cur, alhali ranar zuwa da ranar dawowa hanya ce ke cinye su. Bari mu gwada. A ce kun isa ranar Juma'a da rana, za ku juyo Litinin da rana. Galibin otal ba sa ba da ɗaki sai ƙarfe 2 ko 3 na rana, ranar tafiya kuma ƙarfe 11 ko 12 suke so ka fitar musu da kayanka. To kafin a yi wanka a ɗan miƙe ƙafa biyar ta yi, in an cire lokacin abincin dare abin da ya rage na yawo ranar Juma'a bai wuce awa 3 ba.

Asabar fa? Daga 9 na safe zuwa 9 na dare awa 12 ne. Cire awa 3 na cin abinci, cire awa 2 na shiga mota da tsayuwa a layi, cire awa 1 na hutu da ibada da uzurin yara, saura 6. Lahadi ma 6. Litinin in an yi sa'a a samu 2, in kuwa jirgin sama za a hau ma ku manta da ita kawai, tunda ana son mutum ya isa filin jirgi kamar awa 2 kafin tashi, in ƙetare ne 3.

3 + 6 + 6 + 2 = 17

Awa 17 kenan duka hutun. Babban gidan tarihi guda ɗaya yana cin awa 2 zuwa 3 ba tare da ka gama shi ba. Yanzu a ce mutum ya rubuto jerin wurare goma sha biyar daga intanet, ku gaya min ta ina za su shiga.

Wane wuri ne dole

Raba takardarka gida biyu. Hannun dama rubuta “dole”, hagu rubuta “in an samu dama”. A ɓangaren dole kar ya wuce babban wuri ɗaya a kowace rana, in ka matsa biyu, ɗaya da safe ɗaya da yamma. In da iyali ko abokai za a tafi kowa a ba shi zaɓi ɗaya, har yaro ma a tambaye shi, don wallahi rabin rigimar tafiya daga nan take tasowa, mutum ɗaya ya tsara komai son ransa sauran suna biye suna cika suna batsewa.

Daga nan sai taswira. Buɗe Google Maps ko makamancinsa ka sa wa kowane wuri alama, za ka ga da kansu sun taru gungu-gungu, uku a tsohon gari, biyu a bakin ruwa, ɗaya can shi kaɗai a bayan gari. Kowane gungu rana ɗaya kenan. Wancan da ke can shi kaɗai kuwa sai ka tambayi kanka ko ya kai a kashe masa rabin yini, sau da yawa bai kai ba. Lafiyayyen mutum yana taka kilomita 4 zuwa 5 a awa ɗaya, amma in da tsoho ko ƙaramin yaro ko mai juna biyu a tafiyar, in waya ta ce minti 15 kai ka rubuta 30. Kuma tun kana gida ka sauke taswirar garin a waya yadda za ta buɗe ko babu data.

Ranar da suke rufewa

Nan ne ake yawan shan mamaki. Gidajen tarihi da yawa a duniya Litinin suke hutu, amma fa ba duka ba, kowanne da ranarsa. Gidan tarihi na Louvre a Paris Talata yake rufewa, fadar Topkapi a Istanbul ita ma Talata, babbar rufaffiyar kasuwar Istanbul ɗin kuma Lahadi ce ba ta ci. Taj Mahal a Indiya ba a buɗe wa 'yan yawon buɗe ido ranar Juma'a. Ka ga mai hutun ƙarshen mako in bai duba ba zai iya cin kuɗin mota ya je ya tarar da ƙofa a garƙame. Don haka gaban kowane wuri a takardarka rubuta abu uku, ranar rufewa, lokacin buɗewa, da lokacin da ake daina shigar da mutane, wanda galibi yakan riga lokacin tashi da rabin awa ko awa guda. A shafin wurin na kansa za a duba, kar a dogara da abin da wani ya rubuta shekara uku da suka wuce.

Wani abu kuma, hutun nan da ka samu ba kai kaɗai ka samu ba, kowa ya fito. Layi zai yi tsawo, wasu wuraren ma saboda hutun za su rufe. Manyan wurare da yawa yanzu tikitinsu na lokaci ne, ka saya a intanet a rubuta maka ƙarfe kaza, in ka makara ruwanka. Ɗauki na farkon safiya, lokacin jiki da ƙarfi, rana ba ta yi ba, manyan motocin 'yan yawo ba su fara sauke mutane ba. Ka ɗauki hoton tikitin a waya, in da hali ka buga shi a takarda ma, caji ba ya da alƙawari.

Maganar ciki

Abinci shi ne abin da mutane ba sa tsarawa, sai su ce ai birni ne ko ina akwai abinci. Akwai kam, amma ga yadda abin ke faruwa. An fito daga gidan tarihi ƙarfe uku saura, ƙafa ta yi tsami, yaro na kuka, kowa ransa a ɓace, sai ga wani tsaye bakin ƙofa riƙe da menu mai hotuna yana yi muku murmushi yana nuna kujera, ku kuma ba ku da ƙarfin ƙara taku goma sai ku zauna. A kawo abinci salam ba daɗi, a kawo lissafi ya ninka abin da kuka zata. Ba wai duk gidan abincin da ke gaban wurin tarihi ne haka ba, amma hayar wurin tsada gare ta, kuma ya san yawancin masu zama ba za su sake dawowa ba, to me zai sa ya wahalar da kansa.

Maganin abin mai sauƙi ne. A taswirar nan taka, kusa da kowane wurin dole ka sa alamar gidan abinci biyu, ɗaya wanda kake so ɗaya na ko-ta-kwana, kuma su kasance layi biyu ko uku a bayan babban titi, inda ma'aikatan unguwar ke ci. In kana duba ra'ayin mutane a waya kar taurari kaɗai su ruɗe ka. Wuri mai tauraro 5 da mutum takwas suka yaba bai kai mai 4.4 da mutum dubu suka yi magana a kansa ba. Karanta na kwanan nan, ka kuma karanta na masu ba da uku, su ne ke faɗin gaskiya ba yabo ba zagi.

Lokacin cin abinci ma kowace ƙasa da nata. A Sifen abincin rana sai wajen ƙarfe 2, na dare kuma 9 ko fiye, in ka je ƙarfe 6 kujeru kawai za ka tarar. A Faransa da Italiya gidajen abinci da yawa suna kashe kicin bayan abincin rana sai wajen 7 su sake kunnawa. Baƙo ko da idonsa makaho ne, ka tambayi mai karɓar baƙi a otal ɗinku tun daren farko, ƙarfe nawa ake ci a garin nan, kai ina kake ci in ka tashi aiki. Wannan tambaya ta biyun ta fi amfani, in ka ce ina ne mai kyau sai ya tura ka inda ake tura kowa.

Ni dai shawarata a ci mai nauyi da rana. A birane da yawa gidan abinci ɗaya yakan yi farashin rana mai rahusa, abinci kala biyu ko uku a kuɗi ɗaya, da dare kuma kowane kwano da kuɗinsa. Sannan zaman ya zama hutun ƙafa. Cikin dararen uku a ware ɗaya kacal na cin daɗi, a yi masa bukin, wato a aika saƙo a kama tebur, tun kafin a baro gida musamman in Asabar ce. Saƙon ba ya buƙatar tsawo, rana, lokaci, mutum nawa, ko da yara, da lambar waya. Sauran dararen a bar su a sake, ko kasuwar dare ko ɗan abu mara nauyi kusa da masauki. In abincin bakin titi ne ka tsaya inda ake layi kuma ake dafawa a gabanka da zafinsa, wanda aka jera tun safe ka wuce shi.

In akwai abin da ba ka ci, ko don addini ko don lafiya, kar ka bari sai an zauna ka fara kwatance da hannu. Nemo wuraren da suka dace da kai tun a gida, sannan ka sa a rubuta maka a 'yar takarda da harshen garin cewa ba na cin kaza da kaza, ka miƙa wa mai kawo abinci ya kai kicin. Mai ciwon suga ko mai shan magani a kan lokaci kar ya fita ba ɗan abin taɓawa da ruwa a jaka.

Karanta menu har ƙasa

Ga inda karatun da muke koyo zai yi mana rana. In an miƙo menu kar ka tsaya a sunan abinci, bi da yatsa zuwa gefen farashi ka ga ko akwai ƙananan haruffa. Kifi da nama a wasu wurare farashin gram 100 ake rubutawa, to in kifin da aka gasa maka gram 600 ne kuɗin sau shida kenan, don haka ka ce a auna a gaya maka kafin a ɗora a wuta. Sai ka sauka can ƙasan takardar inda ake ɓoye kuɗin hidima. A Italiya akwai ɗan kuɗin zama da ake ƙarawa a kan kowane mutum, a Fotugal burodi da ɗan abin da aka ajiye maka a tebur ba ka nema ba in ka ci za ka biya, in ba ka so sai ka ce a ɗauke. Tukuici kuma a Amurka kamar wajibi ne, kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin abincin, a Japan kuwa ba a bayarwa sam. In rasit ya zo a duba shi layi-layi kafin a biya, babu kunya a ciki.

Kuɗin yawo da na ci a raba su rana-rana, ko a ambulan ko a rubuce, a kuma cire kashi 10 cikin ɗari a ajiye gefe saboda tasi na dole ko ruwan sama ko ciwon kai. A riƙe kati a riƙe tsabar kuɗi kaɗan, ƙananan wurare ba duka ke karɓar kati ba.

Yammacin Lahadi ni ina son a bar shi fili ba a rubuta komai ba. Zuwa lokacin an fara gane garin, wani zai ce mu koma kasuwar jiya, wani barci yake so, in kuma ruwa ya ɓata shirin Asabar ga inda za a mayar da shi.

Aikin aji

1. Wata mata da 'yarta sun isa birni Asabar ƙarfe 10 na safe, za su bar masauki Litinin ƙarfe 12 na rana. Ku lissafa awowin yawonsu kamar yadda muka yi a sama, ku rubuta wurare nawa za su sa a ɓangaren dole.

2. Kuɗin abinci ya kama 80, za a ba da tukuici kashi 15 cikin ɗari. Nawa ne tukuicin, nawa ne duka?

3. An rubuta kifi 5 a kan kowane gram 100, kifin ya auna gram 700. Nawa za a biya?

4. Ku zauna biyu-biyu, ɗaya ya zama mai gidan abinci ɗaya baƙo, ku yi bukin tebur na mutum huɗu da baki, sannan kowa ya rubuta saƙon a layi uku.

5. Aikin gida, kowa ya zaɓi birnin da yake son gani, ya zana layuka huɗu a takarda, rana, wurin dole, lokacin buɗewa da rufewa, da inda za a ci. Wanda ba shi da babbar waya ya haɗa kai da mai ita, a kawo ranar darasi na gaba mu duba tare.