Yadda za ka gane babba daga hularsa a taron Bamileke

Idan abokin ciniki ya gayyace ka bikin tunawa da mamaci a Bafoussam, Bandjoun ko Dschang, garuruwan ƙabilar Bamileke a yammacin Kamaru, ka amsa. Da rani ake yinsa, daga Nuwamba zuwa Maris, wani lokaci shekaru bayan an binne mutumin. A nan manya ke fito da kayan sarautarsu, kuma shawarata ita ce ka fara duban kai kafin riga.

Hular da za ta fara ɗauke maka ido ita ce ta gashin tsuntsu, wadda 'yan kasuwa ke kira juju. Gashin ake ɗinkawa a jikin saƙar tukurwa, idan aka buɗe ta sai ta baje kamar faifai. Asalinta ta sarki ce, wato Fo, da manyan fada da masu rawar fada. Kada girmanta ya ruɗe ka, launin za ka duba. Fara ko mai rini ta gashin kaji ce, ana ma fitar da irinta Turai a rataye a bango. Ja wur ta gashin wutsiyar aku ita ce mai daraja, domin aku ɗaya 'yan gashi kaɗan yake bayarwa.

Sai masu fuskar giwa: ƙyalle mai faffaɗan kunnuwa da dogon hanci, an lulluɓe shi da duwatsun ado. Waɗannan 'yan ƙungiyar Kuosi ne, a da mayaƙa, yanzu masu sarauta da masu hannu da shuni. Yawan duwatsun shi ke faɗin nauyin aljihu. Wanda ya haɗa da fatar damisa a baya, ba shi hanya.

Shuɗin zanen da suke ɗaurawa, ndop, yana da alaƙa da mu. Fatake ne suka riƙa kawo irinsa daga Wukari, daga baya aka koma rina shi a Garwa.

Abu biyu nake gaya wa kowane baƙo. Kana iya sayen hular a kasuwa, babu mai hana ka, amma kada ka ɗora ta a kai ka shiga taro. Sarauta ce ba a ba ka ba. Na biyu, kada ka miƙa wa Fo hannu. Ka russuna, ka tafa hannu kamar yadda ka ga 'yan gari suna yi, ka tsaya inda mai masaukinka ya nuna maka.

Wadda ka saya kuwa, ka naɗe ta ciki idan za ka ajiye, ka raba ta da danshi da ƙwari.