Lambar kiran rediyon Hong Kong bayan 1997: inda ake yawan tuntuɓe

Kowace tashar rediyo mai aika saƙo tana da lambar kiranta, haruffan farko kuma su ke nuna ƙasar da take. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ke raba wa ƙasashe waɗannan haruffa. Rikicin yakan taso ne idan yanki ya canza hannu, kamar yadda Birtaniya ta miƙa Hong Kong ga Sin ranar 1 ga Yulin 1997.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauka cewa masu rediyon sha'awa na Hong Kong, wato mutanen da ke magana da juna ta rediyo don nishaɗi, sun koma harafin B irin na sauran Sin. Ba su koma ba. Lambobin rajistar jiragen sama ne suka sauya, daga VR-H zuwa B-H. Su masu rediyon, VS6 suka bari, suka zauna a kan VR2, domin rukunin VR ɗungurungum aka cire daga kason Birtaniya aka ba Sin. Idan manhajar ajiye bayananka tana nuna VR a matsayin na Birtaniya, jerin haruffan ƙasashe da ke ciki ya tsufa, sabunta shi.

Wanda ya fi ba ni haushi kuwa shi ne karanta haruffa ba a duba kwanan wata ba. Ka ɗauko tsohon katin QSL (katin da masu rediyo ke aika wa juna don tabbatar da sun yi magana) da launinsa ya koɗe, an buga VR2 ɓaro-ɓaro, shekarar 1965 a gefe da alƙalami. Ba na Hong Kong ba ne, na Fiji ne, wadda ta koma 3D2 bayan 'yancinta na 1970. Tsibirin Pitcairn ma, da ba ruwansa da yarjejeniyar miƙa Hong Kong, sai da ya bar VR6 ya koma VP6. Mu ma nan an yi haka: ZD2 ake jin Najeriya da shi kafin 5N, Ghana kuma ZD4 kafin 9G. Saboda haka shekara za ka fara dubawa, sannan ka nemi jerin wancan zamanin.

Wasu kuma sukan goge Hong Kong daga lissafin DXCC, wato jerin ƙasashe da yankunan da masu rediyo ke ƙirga waɗanda suka yi magana da su, su haɗa ta da Sin. A mayar da ita. Har yau daban ake ƙirga ta. Haka Macau mai XX9, wadda Portugal ta miƙa ranar 20 ga Disamban 1999.