Yadda ake fara koyon shibari, ɗaurin igiya irin na Japanawa

Shibari a yaren Japan na nufin ɗauri, wasu kuma suna ce masa kinbaku, wato ɗauri tamau. Tushensa hojojutsu ne, dabarar da 'yan doka suke ɗaure masu laifi da ita a zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868. Mai zane Ito Seiu, wanda ya rasu a 1961, shi ya raba shi da gidan kaso ya mai da shi fasaha, sannan mujallu irin su Kitan Club suka yaɗa shi a shekarun 1950. A yau baligai ne da suka aminta da juna suke yin sa, wasu don kusanci, wasu don ɗaukar hoto.

Da farko nemi igiya. Japanawa sun fi son ta jut, 'yar'uwar igiyar ramarmu, mai kaurin milimita 6 da tsawon mita 7 zuwa 8. Guda biyu sun ishi sabon shiga. Sabuwarta tana da ƙaiƙayi, shi ya sa ake babbake gashinta sama-sama a kan wutar gas, a goge baƙin da tsumma, a shafa mata ɗan mai. A Japan man tsubaki ake sawa, wato man 'ya'yan wani itace mai fure da ke can. In wannan ya yi maka wahala, ta auduga ma ta yi, sai dai ƙullinta yana cijewa ya ƙi kwantuwa. Ta roba mai santsi kuwa a bar wa shanya. Tare da igiyar sayi almakashi mai dakusasshen baki, irin wanda ake yanke bandeji da shi a asibiti, ka ajiye shi inda hannunka zai kai ba sai ka tashi ba.

Abu na biyu magana ce. Ku zauna tun igiya na naɗe: ina ne ba a taɓawa, akwai tsohon targaɗe ko ciwon suga ko asma, wace kalma ce in an faɗe ta an tsaya nan take. Wanda ya sha abin maye ba ya ɗauri, ba a kuma ɗaure shi.

Sai ƙullin farko, kuma a nan hannun Bahaushe yake cin amanarsa. Mun saba da zarge, irin na ɗaure akuya a turke, wanda in an ja yake ƙara shaƙewa. Shibari akasin haka yake so: ƙullin da komai jan da aka yi masa ba zai matse ba. Gwada a cinyarka ko a jikin matashin kai. Ninka igiyar gida biyu, ka riƙe wajen lanƙwasar. Zagaya sau biyu, zaren huɗu ke nan kwance gefe da gefe, kada wani ya hau wani. Bar kamar taƙi ɗaya na lanƙwasar, ka ɗora shi a kan duka zaren, ka cusa ta ƙarƙashinsu ya ɓullo. Yi 'yar ƙawanya da doguwar jelar, ka zura lanƙwasar ciki, ka ja ƙullin ya zauna. Yanzu fizgi jelar da ƙarfi. In zagayen ya ƙara matsewa, kwance ka sake. Yatsu biyu su iya shiga tsakanin igiya da fata. A ganina wanda bai yi wannan sau ɗari shi kaɗai ba, har yana iya yi ido rufe, bai kai ya taɓa jikin wani ba.

Mutane sun fi tsoron tsayawar jini, alhali jijiyoyin ji da motsi ne suka fi saurin illata. Akwai wadda ta bi ta bayan damtse. In igiya ta danne ta, hannu yakan saki daga wuyansa ya kasa ɗaguwa, wani lokaci har makonni. Haka gefen gwiwar hannu, hammata, da gefen gwiwar ƙafa ta waje, duk a kauce musu. Wuya kuwa ba a ma kawo zancensa. Lokaci-lokaci ka ce wa wanda ka ɗaure ya matsa yatsunka, ya ɗaga babban yatsansa. Da ya ce wani yatsa ya sage ko yana jin kamar tsirar allura, kwance. In ƙulli ya yi gardama, yanke igiyar.

Hotunan da ake gani a intanet, an haɗa hannuwa ta baya a ɗaurin da suke kira takate kote, ko an rataye mutum a sama, aikin waɗanda suka shekara suna koyo ne a gaban malami, kuma su ma suna jin rauni. Kai tsaya a ƙasa, a kan katifa, minti goma ya isa a karon farko, kuma kada ka fita ka bar ɗaurarre shi kaɗai ko da zuwa ɗebo ruwa ne. In an gama a warware a hankali, don igiyar da aka zare da sauri tana ƙona fata. Shatin da ta bari yakan baje cikin 'yan sa'o'i, amma sagewar da ta kwana sai a kai ta asibiti.