Yadda ake shirya motar kwana don hanyar Kumasi zuwa Arewacin Gana

Motar kwana dai ƙaramar bas ce da aka cire wa kujerun baya, aka sa mata gado da wurin girki da ruwa da wuta, ta yadda duk inda dare ya yi wa mutum nan ne masaukinsa. A Kumasi ba a rasa masu iya haɗa ta, domin a Suame Magazine akwai mai walda da kafinta da mai wayarin da makaniki, wanda a nan ake kira fita, duk a layi ɗaya. Inda ake yin kuskure shi ne a tsarin aikin. Yawanci da gado da kabad ake farawa saboda su ido ke gani, alhali abin da ke kwantar da irin wannan mota a ƙasar nan nauyi ne da zafi da ƙura.

Fara da motar da takardunta

Sprinter, Hiace, Urvan ko Transit, duk suna yi, kuma kayan gyaransu na nan a Suame da Abossey Okai ta Akra. Mai dogon rufi ta fi, don mutum ya iya miƙewa tsaye a ciki. Kada arha ta ja ka ga mai sitiyari a dama: tun 1974 Gana ta koma tuƙi a hannun dama, kuma doka ta hana shigo da irin waɗannan motoci.

Idan tsohuwar tirotiro ce, wato bas ɗin haya, ka shiga ƙarƙashinta da tocila kafin a yi maganar kuɗi. Duba shasi inda sifirin ɗin baya ya kama, da ƙasan matakalar ƙofa, da bakin rufi inda ruwan sama ke kwanciya. Ka daddanna da sukuddireba; inda ya nutse, tsatsa ce aka lulluɓe da fenti. Motar da ta daɗe a Akra ko Tema ta fi fama da wannan saboda iskar teku. Lambar tirotiro kuma rawaya ce ta haya, don haka sai ka je DVLA, hukumar rajistar motoci da lasisin tuƙi, a mayar da ita ta gida mai farar lamba, ka kuma sanar da kamfanin inshora cewa an sa gado da tukunyar gas a ciki. Wanda ya ɓoye wannan, ranar da gobara ta tashi zai sha jayayya.

Lissafin nauyi kafin a yanka katako

A jikin ƙofar direba ko cikin gidan injin akwai ƙaramin faranti da ya nuna iyakar nauyin motar da kayanta gaba ɗaya. A yawancin Sprinter kilo 3,500 ne. Kai ta sikelin manyan motoci tana wofi, tankin mai cike. Abin da ya rage tsakanin lambobin biyu shi ne duk abin da kake da shi, har da kai da iyalinka.

Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne, ke nan jarka huɗu masu lita 25 kilo 100 ne. Filawud mai kaurin milimita 18 falle ɗaya ya kusa kilo 30, shi ya sa ya kamata ka ce wa kafinta ya yi amfani da mai milimita 12 a gado da ƙasa, mai 6 ko 9 a bango da ƙofofin kabad. Zai ce maka ba zai yi ƙarko ba. Zai yi, idan an sa masa firam. Tayil na ƙasa kuwa, duk kyansa, a bar shi a gida. Leda mai kauri ta isa.

Kaya masu nauyi, wato ruwa da batir da gas, su zauna a ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya. Idan aka jibge su bayan tayar baya, gaban motar na yin sauƙi, sitiyari ya riƙa yawo, sifirin ya karye a gargada. Kowane kabad a ɗaure shi da noti a jikin ƙarfen motar, ba da ƙusa a filawud ba. Hanyar Techiman cike take da tudun rage gudu a kowane ƙauye, kuma duk abin da ba a ɗaure ba sai ya sauko.

Zafi da iska

Ƙarfen rufi da rana ta buga tun hantsi ba ya hucewa sai tsakar dare. Fentin fari a rufi shi ne magani mafi arha. Bayansa sai a liƙa soso mai hana zafi, kaurin santimita 2 zuwa 3, a rufi da bango kafin a rufe da filawud. Kada a cusa katifa ko auduga, domin suna shan raɓa da damina su ruɓar da ƙarfe ta ciki.

Iska sai da mashiga da mafita: fanka a rufi ta baya tana fitarwa, taga ta gaba a buɗe kaɗan tana shigarwa. Kowace kafa a sa mata raga, a kuma rataya gidan sauro a kan gadon duk da haka. In za a huda rufi, a goge bakin yankan, a shafa fentin hana tsatsa, a jira ya bushe, sannan a zaunar da fankar da gam na jikin mota irin Sikaflex. Silikon na banɗaki ba ya jure rana da girgiza, damina ɗaya zai fara yoyo.

Wuta: a nan ake asarar kuɗi

Doka ta farko, kayan ɗaki ba sa shan wuta daga batirin da ke ta da injin. A sa batir na biyu. Kafin ka saya, ka lissafa abin da za ka sha a yini ɗaya. Firji mai kwamfuresa na 12V, mai lita 40, a zafin Arewa yana iya cin 40Ah (Ah shi ne amfiya sau awannin da aka yi ana jan wuta). Fanka mai jan amfiya ɗaya da rabi na awa goma, 15Ah. Fitilu da cajin wayoyi, a ce 10Ah. Jimla 65Ah.

Batir mai ruwa ko na jel mai 100Ah, rabinsa kawai ake sha. In ana zuƙe shi ƙasa da haka kullum, cikin watanni zai mutu. Ke nan lissafin sama na buƙatar guda biyu, kusan kilo 60. Na litiyum irin LiFePO4 mai 100Ah ana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari nasa, nauyinsa kuma kilo 12 ne ko kusa da haka. Ya fi tsada a ranar saye, amma a motar da ake kwana a cikinta shi ya fi dacewa. Ko wanne ne, kada a ajiye shi kusa da injin ko inda rana ke bugawa. Mai ruwa kuma yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, sai an yi masa akwati mai kafar da ta fita waje.

Farantin sola mai wat 200, da hasken da ake samu a nan da asarar zafi da ta waya, zai ba ka tsakanin 45Ah da 55Ah a yini mai kyau. Bai kai 65 ba. Ko dai ka sa wat 300, ko ka haɗa da caji daga injin yayin tafiya. A tsohuwar mota rile mai raba caji ya wadatar. A sababbin da kwamfuta ke sarrafa altanetarsu, da kuma duk inda aka sa litiyum, sai caja ta DC-DC, wadda ke daidaita wutar da ke zuwa batir na biyu daga altaneta, mai amfiya 20 ko 30. In babu ita batirin ba zai taɓa cika ba, ko kuma ya ja wuta fiye da ƙima ya ƙona altaneta.

Wayar da za ta ɗauki amfiya 30 tsawon mita 5 ta zama mai kaurin 16mm², ta jan ƙarfe zalla mai silli-silli. Siririyar waya na zafi, wutar kuma na raguwa kafin ta isa. A sa fis a kan wayar fozitif, kusa da kan kowane batir, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba. Idan mai wayarin ya ce maka, "Alhaji, bar fis ɗin nan, zai riƙa damunka," ka nemi wani. Wajen haɗa sola, batir ake fara haɗawa da kwantirola, wato na'urar da ke daidaita caji, sannan farantin; wajen cirewa a fara da farantin.

Ka sayi ƙaramar mita. Batir mai ruwa da ya huta awa biyu, 12.7V cike yake, 12.2V ya kai rabi, a daina sha. Butar lantarki da dutsen guga da na'urar sanyaya ɗaki ka cire su daga lissafi: inbata mai wat 1,000 kaɗai tana jan kusan amfiya 90.

Gas da ruwa

Tukunya mai kilo 6 ta ishi mutum biyu tafiyar mako biyu da girki daidai gwargwado. Ta tsaya a tsaye, a ɗaure da bel biyu, cikin akwatin da aka huda ƙasansa zuwa waje, saboda gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Gwada mahaɗa da ruwan sabulu, kumfa ta nuna yoyo. Rufe kan tukunyar kafin a tashi da kafin a kwanta. Kurfoti da gawayi ba sa shiga mota ko da sanyin hunturu ya tsananta, haka janareta ba ya aiki kusa da taga; gubar da ke cikin hayaƙinsu ba ta da wari kuma a barci take kashewa. Abin kashe gobara ya kasance bakin ƙofa, inda hannu zai kai daga waje.

Jarkoki sun fi tanki ɗaya babba, don ana iya sauke su a cika a famfo ko rijiyar burtsatse. Rawayar jarkar nan da ake kira galan ɗin Kufuor asalinta ta man girki ce, sai an wanke ta sosai da ruwan zafi da sabulu. A ƙiyasta lita 10 zuwa 15 ga mutum ɗaya a yini, har da alwala da wanke-wanke. Ruwan sha a ware shi daban.

Mako guda kafin tafiya

Taya ta zama mai harafin C a ƙarshen lambarta, kamar 195R15C, wato ta ɗaukar kaya. A gefenta akwai lambobi huɗu na ranar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar gwanjo mai kyan zane amma ta shekara shida ko bakwai, a kwalta mai zafi tsakanin Kintampo da Buipe take fashewa. A auna iska da safe tayar na sanyi, har da safaya, bisa adadin mota mai cike da kaya. Idan ka tsaya da rana ka ga iskar ta hau, kada ka bari mai faci ya rage.

Lagireto a wanke shi, a zuba ruwan kulan, ba ruwan leda zalla ba, wanda ke kawo tsatsa kuma ya fi saurin tafasa. Murfinsa in robar ta tsage a canza. Ƙaramin abu ne amma shi ke riƙe matsin da ke hana tafasa. A matsa kowane tiyo da hannu, wanda ya yi laushi ko ya kumbura ya tafi. Idan allurar zafi ta hau a hanya, ka tsaya, ka jira aƙalla rabin awa kafin ka taɓa murfin.

Baƙin mai da filtarsa a canza duk kilomita 5,000 a irin wannan aiki. Ka riƙe filtar dizal da ta iska da fambel na ajiya, da fis-fis, da jak mai iya ɗaga motar tana cike, da guntun katako mai kauri da za a ɗora jak ɗin a ƙasa mai taushi. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu na toshe filtar iska da wuri. Alamarta baƙin hayaƙi da rashin ƙarfi a hawa. A ciro ta a kakkaɓe a hankali, in an hura da iska to daga ciki zuwa waje. Farantin sola ma a goge shi kowace safiya da jiƙaƙƙen tsumma.

A kan hanya

Lasisi, takardar lafiyar mota, inshora da alamar tsayawa mai kusurwa uku su kasance kusa, don shingayen 'yan sanda na da yawa. Mai niyyar tsallaka iyaka ta Paga zuwa Burkina Faso ko ta Aflao zuwa Togo sai ya ƙara da katin inshorar ECOWAS mai ruwan ƙasa.

Daga Kumasi zuwa Tamale kusan kilomita 380 ne, ta Offinso, Techiman, Kintampo, Buipe da Yapei. A tashi bayan asuba, a sauka kafin magariba. Da dare akwai manyan motocin da suka lalace a kan kwalta babu fitila, ga shanu. Mai zuwa gandun dajin Mole zai karya hagu a mararrabar Fufulso, ya bi Damongo zuwa Larabanga, kuma gara ya cika tanki tun a Techiman ko Kintampo, a gidan mai da ke da ciniki sosai. A gangara a sauko da giya, kada a kwanta a kan birki, don mota mai nauyi na saurin ƙona shi.

Wurin kwana a nema da sauran rana. Harabar masauki, ko gidan mai da ke da maigadi, ko cikin zango bayan an gai da sarkin zango ko liman an faɗi ko wane ne kai, duk sun fi bakin daji. Ajiye motar gabanta na kallon mafita, mukulli a wuri ɗaya kullum. In ƙasar ba ta daidaita ba, a sa katako ƙarƙashin taya, gefen kai ya ɗan fi tudu. Inuwar bishiya na sanyaya ɗaki amma tana kashe sola, shi ya sa faranti ɗaya na hannu mai wayar mita 10 ke da amfani: mota a inuwa, shi a rana. A Mole ka tambayi ma'aikata inda aka yarda a kwana, kuma ko taku goma za ka yi ka rufe ƙofa da taga, domin gwaggon biri na wurin ya saba da shiga mota neman abinci.

Bayan an dawo, a zubar da ragowar ruwa, a bar jarkoki da firji a buɗe su bushe, a jingine katifa don kada ta yi fumfuna, a share ko ƙwayar shinkafa saboda ɓera, wanda in ya shiga wayoyi yake ci. Duk mako biyu a fita da motar ta yi tafiyar rabin awa a kan titi. Kunna ta a tsaye a ƙofar gida ba ya cika batir, ba ya kuma motsa birki da taya.